Muhawara: Shin nazariyyar kumburar sararin samaniya ta yi hasashen da za a iya ƙaryatawa?

MalaminFiziks_Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in ajiye wata magana a gaban zaure, kuma ina roƙon waɗanda suka fi ni zurfi a fannin su auna ta da kyau. Nazariyyar kumbura tana cewa a cikin wani ɗan ƙanƙanin yanki na daƙiƙar farko, sararin samaniya ya faɗaɗa da ninkin da ya kai aƙalla lamba 1 mai sifili 26 a bayanta, sannan kumburar ta tsaya, makamashinta ya rikiɗe ya zama zafi da ƙwayoyin zarra. Tun da Alan Guth ya wallafa takardarsa a 1981 ake koyar da ita kamar abin da aka gama tabbatarwa. Abin da ke damuna shi ne samfuranta sun haura ɗari, kowanne da nasa hasashen, ta yadda duk abin da na'ura ta auno za a sami samfurin da ya dace da shi. A ganina, nazariyyar da ba ta da sakamakon da zai iya kayar da ita ba ta cika sharaɗin kimiyya ba. Ina so in ji hujjar wanda yake ganin akasin haka.

Dalibi_Akoka:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a shiga maganar yawan samfura, ya kamata a tuna matsalar da ta sa aka ƙirƙiro nazariyyar tun farko, domin matsalar tana nan ko an yarda da kumbura ko ba a yarda ba. Tsohon hasken da Penzias da Wilson suka sanar da ganowa a 1965 ya taso ne lokacin da sararin samaniya yake da shekara kusan 380,000, kuma zafinsa a yau digiri 2.725 ne a ma'aunin Kelbin ta duk inda aka juya na'ura, bambancin da ke tsakanin wannan ɓangare da wancan bai wuce kusan kashi 1 cikin 100,000 ba. Amma idan aka bi lissafin Babbar Fashewa ba tare da kumbura ba, wurare biyu da tazararsu a sama ta wuce digiri biyu ba su taɓa samun lokacin da haske zai tashi daga ɗaya ya isa ɗayan ba. Kamar a ce masu shayi biyu ne, ɗaya a Agege ɗaya a Ajah, ba su san juna ba kuma babu waya tsakaninsu, amma kullum zafin shayinsu ya zo daidai wa daida. Kumbura tana bayyana wannan da cewa duk abin da muke gani ya fito ne daga wani ɗan yanki da ya riga ya daidaita zafinsa kafin a buɗa shi.

MalaminFiziks_Agege:
Na gode Dalibi_Akoka, amma wannan bayani ne na abin da aka riga aka sani kafin 1981. Daidaiton zafin, da shimfiɗuwar sarari, wato rashin lanƙwasarsa, da rashin ganin maganaɗisu mai kai ɗaya da lissafi ya ce ya kamata ya yawaita, duka su ne dalilan da aka gina nazariyyar a kansu. Ba a ce mutum ya yi hasashe idan ya faɗi abin da ya riga ya gani. Abin da nake nema shi ne abin da aka faɗa tukuna, daga baya awo ya zo ya gaskata shi.

Dakta_Yaba:
Malam, tambayarka ta biyu ita ce ta gaskiya, kuma tana da amsa. Zan ɗan tsawaita, a yi mini haƙuri.

A 1981 Viatcheslav Mukhanov da Gennady Chibisov suka yi lissafi a Mosko cewa ƙananan kaɗawar kwantum da ke faruwa lokacin kumbura za a miƙe su har su kai girman da daga baya za su zama irin da tarin taurari suka tsiro daga gare shi. A 1982 aka yi taron bita a Kambirij, inda Stephen Hawking da Guth da Alexei Starobinsky da ƙungiyar Bardeen da Steinhardt da Turner suka bi hanyoyi daban-daban suka isa ga sakamako makusanci. A lokacin babu wanda ya taɓa ganin waɗannan bambance-bambance a tsohon hasken. Sai a 1992 tauraron ɗan'adam na COBE ya gan su, shekara goma bayan lissafin.

Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne sifar bambance-bambancen. Akwai wata lamba da ake auna yadda ƙarfinsu yake sauyawa daga manyan faɗi zuwa ƙanana. Idan lambar ta zama 1 cif, ƙarfin ɗaya ne a kowane faɗi, kuma wannan shi ne zaton da Harrison da Zel'dovich suka yi tun farkon shekarun 1970, kafin a san kumbura. Samfuran kumbura mafi sauƙi kuwa sun ce lambar za ta gaza 1 da kaɗan, saboda dole ne kumburar ta riƙa raguwa a hankali kafin ta ƙare. Sakamakon ƙarshe na tauraron Planck a 2018 ya ba da 0.965, da kuskuren awo na kusan 0.004. Da lambar ta fito 1 daidai, ko ta fito 1.05, da mafi yawan samfuran masu sauƙi sun faɗi a rana ɗaya.

Ƙari a kan haka, a shekarun 1990 kumbura tana da kishiya mai ƙarfi, wato ra'ayin cewa wasu zaruruwan sarari da suka saura daga farkon zamani su ne suka haddasa taruwar abubuwa. Wannan ra'ayi bai yi hasashen jerin ƙololuwa masu tsari, wato wasu faɗi da bambancin zafin ya fi ƙarfi a cikinsu, a taswirar tsohon hasken ba, kumbura kuwa ta yi, domin a wurinta duk kaɗawar ta tashi ne a tare. Awon na'urorin BOOMERanG da MAXIMA na shekarar 2000 ya nuna ƙololuwar farko a faɗin kusan digiri ɗaya, daga baya sauran suka biyo, kuma kishiyar ta fita daga takara a matsayin babban dalili.

Injiniya_Apapa:
Dakta, Allah ya ƙara sani. Sai dai akwai wani yanki na tarihin da yake goyon bayan Malam. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da awo yake nuna cewa yawan abin da ke cikin sararin samaniya bai wuce kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ake bukata don ya zama shimfiɗaɗɗe ba, masana ba su ce kumbura ta faɗi ba. Sun ƙera wasu samfura da ke ba da buɗaɗɗen sarari mai lanƙwasa, kamar wanda Bucher da Goldhaber da Turok suka fitar a 1995. Da aka gano a 1998 cewa faɗaɗar tana ƙara sauri, ɓoyayyen makamashin da ake ɗauka shi ke ƙara saurin ya cike giɓin, sai aka koma ana cewa ai dama kumbura ta yi hasashen shimfiɗuwa. Da awo ya tsaya a kan kashi 30, da an riƙe waɗancan samfura an ce su ne daidai. Wannan shi ne ainihin abin da Malam yake kuka da shi.

Dakta_Yaba:
Injiniya, abin da ka kawo ya faru, ba na musu. Amma a duba irin wahalar da aka sha kafin a gina waɗancan samfura, sai da aka haɗa matakan kumbura biyu aka daidaita tsawon na biyun da hannu. Guth da wasu da dama sun ci gaba da tsayawa a kan shimfiɗuwa a lokacin da awo bai goyi bayansu ba. Yau kuma idan aka haɗa awon Planck da na rarrabuwar tarin taurari, lanƙwasar ba ta bambanta da sifili ba, a cikin kuskuren da bai wuce kashi 2 cikin 1,000 ba.

Ummu_Hanifa:
Ina biye da ku tun daga farko, amma akwai abin da ya shige mini duhu. Idan sarari ya faɗaɗa da irin wannan ninki a cikin ƙasa da ƙiftawar ido, ashe bai wuce gudun haske ba? Mu dai an koya mana cewa Einstein ya ce babu abin da ke wuce shi.

Dalibi_Akoka:
Malama Ummu_Hanifa, iyakar da Einstein ya gindaya ta shafi abin da ke tafiya a cikin sarari ne, wato babu wani abu da zai wuce haske idan suka yi tsere a wuri ɗaya. A kumbura kuwa babu abin da ya tashi daga wurinsa, tazarar da ke tsakanin wurare ce take ƙaruwa, kuma lissafin nasa na 1915 bai sa wa wannan iyaka ba. Ko a yau akwai tarin taurari masu nisan da tazararmu da su take ƙaruwa fiye da gudun haske.

Ummu_Hanifa:
Na gode, na fahimta. To mene ne yake tura sararin, kuma me ya sa ya daina?

Hajiya_Surulere:
'Yar'uwa, tambayarki ita ce ta kai mu inda samfuran suka rarrabu. Ana ɗauka cewa akwai wani fili da ya cika ko'ina, ana kiransa infilaton, wanda makamashinsa yake da matsi na ƙasa da sifili, kuma a lissafin Einstein irin wannan matsi yana sa nauyi ya riƙa turawa maimakon janyowa. Ana zana makamashin filin a matsayin gangara, muddin filin yana saukowa a hankali kumbura tana ci gaba, idan ya iso ƙasa sai ta ƙare. Kowane samfuri zaɓi ne na sifar gangarar. Samfurin Guth na farko ma bai yi aiki ba, domin kumburar ba ta ƙarewa cikin tsari, kuma shi da kansa ya ambaci matsalar a takardar. Andrei Linde, da kuma Andreas Albrecht tare da Paul Steinhardt, su ne suka gyara shi a 1982 da wannan saukowa a hankali.

Inda na saɓa da Malam shi ne cewar da ya yi babu sakamakon da ke kayar da komai. Akwai lamba ta biyu da ake kira r, wadda take auna ƙarfin igiyoyin nauyi na farkon zamani, wato girgizar sararin kansa, idan aka kwatanta da kaɗawar yawan abu. Wani samfuri da ya fito daga tsarin da Linde ya gabatar a 1983, wanda makamashinsa yake tafiya da murabba'in filin, shi ne aka fi koyarwa a littattafai shekara da shekaru, kuma ya ce r za ta kai tsakanin 0.13 da 0.16. Sakamakon na'urorin BICEP da Keck na 2021 ya nuna r ba ta kai 0.036 ba. Wannan samfuri ya faɗi, kuma babu wanda yake ƙoƙarin ceto shi a sifarsa ta asali. Samfurin Starobinsky na 1980, wanda ya girmi takardar Guth ma, ya ba da lambar farko kusan 0.965 da r kusan 0.003 zuwa 0.004, shi ya sa ya samu karɓuwa sosai bayan Planck. Samfurin da Bezrukov da Shaposhnikov suka gina a kan filin Higgs yana ba da kusan wannan sakamako.

MalaminFiziks_Agege:
Hajiya, na yarda ana kayar da samfuri ɗaya ɗaya. Amma ki lura da abin da ya faru a 2014. A watan Maris ƙungiyar BICEP2 ta sanar cewa ta ga r kusan 0.2, aka yi ta murna cewa an tabbatar da kumbura. Da aka haɗa bayanansu da na Planck a farkon 2015, ya bayyana cewa ƙurar da ke cikin tarin taurarinmu ce ta ba da siginar, amma ba a ce nazariyyar ta raunana ba. An gani an ce nasara ce, ba a gani ba an ce babu komai. Wannan shi ne abin da Anna Ijjas da Steinhardt da Abraham Loeb suka rubuta a 2017, kuma kada a manta Steinhardt yana cikin waɗanda suka gina nazariyyar da hannunsu.

Hajiya_Surulere:
Haka ne Malam, kuma masana 33, ciki har da Guth da Linde da Hawking, sun sa hannu a wasiƙar da ta mayar musu da martani. Yawan sa hannu ba hujja ba ne, na sani, amma abin da suka faɗa yana da nauyi: ana gwada samfura ne, ba a gwada babban tsari gaba ɗaya da awo guda. Game da 2014 kuwa, ni abin da na ɗauka daga ciki shi ne yadda aka gano kuskuren cikin ƙasa da shekara. BICEP2 ta yi awo a mitar haske ɗaya ne kawai, gigahaz 150, ba ta da hanyar raba ƙura da siginar asali, Planck kuwa tana da taswira a gigahaz 353 inda ƙura ta fi haske. Tun daga nan duk wani sabon awo sai an yi shi a mitoci da yawa.

Baban_Sadiq_IdiAraba:
Ku gafarce ni in ɗan kauce. Me ya sa duk waɗannan na'urori suke a tsakiyar Antatika ko a hamadar Atakama ta ƙasar Chile? Ina tambaya ne saboda yarana suna sha'awar fannin, kuma ina so in san ko akwai ranar da za a yi irin wannan aiki daga nan gida.

Injiniya_Apapa:
Baban Sadiq, tururin ruwa da ke cikin iska yana shanye irin wannan haske kuma yana fitar da nasa, don haka ana neman wuri mai tsawo da bushewa ƙwarai. Na'urorin Simons da ke Atakama suna kan tsawon mita kusan 5,200. Legas da take bakin teku da irin laimarta ba za ta yi ba ko kaɗan. Amma aikin ba duka a kan dutse ake yin sa ba. Taswirorin Planck suna nan a intanet kyauta, haka ma manhajojin da ake lissafa hasashen samfura da su, irin su CAMB da CLASS. Ɗalibin da ya iya lissafi da Python zai iya zama a Akoka ko Ojo ya sauya lambar nan ta 0.965 ya ga yadda taswirar take canzawa, ya kwatanta da awon gaske. Abin da ake bukata shi ne kwamfuta da wuta da malamin da zai duba aikin.

Abu_Maryam_Mile12:
Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba a taɓo shi ba tukuna. Na karanta cewa a yawancin samfura kumburar ba ta ƙarewa a ko'ina lokaci ɗaya, tana tsayawa a wani yanki tana ci gaba a wasu har abada, kamar yadda Alexander Vilenkin ya nuna a 1983 da Linde a 1986. Idan haka ne, akwai yankuna marasa iyaka, kowanne da irin nasa yanayin, wani shimfiɗaɗɗe wani lanƙwasasshe. To da wane dalili za a ce nazariyyar ta yi hasashen abin da muke gani a namu yankin, alhali ta yi hasashen akasinsa a wani yankin da ba za mu taɓa gani ba? A ganina wannan ya fi maganar yawan samfura hatsari.

Dakta_Yaba:
Abu Maryam, ka taɓo inda ni ma nake ganin nazariyyar ta fi rauni. Ba a sami hanyar da kowa ya amince da ita ta ƙirga yiwuwa a cikin yankuna marasa iyaka ba, kuma hanyoyin da aka gwada suna ba da amsoshi mabambanta. Akwai kuma sukar Roger Penrose, wanda ya daɗe yana cewa yanayin da ake bukata kafin kumbura ta fara ya fi wanda take ƙoƙarin bayyanawa wuyar samuwa. Ban ɗauki waɗannan da wasa ba. Amma ina rarrabe abu biyu. Lissafin abin da ya faru a cikin matakai sittin na ƙarshe na kumbura, waɗanda su ne suka ba da ninkin nan mai sifili 26, a yankinmu lissafi ne tsayayye, kuma shi ne ya ba da lambobin da aka auna. Maganar abin da ke can bayan iyakar ganinmu kuwa faɗaɗa lissafin ne zuwa inda ba a gwada shi ba. Mutum zai iya riƙe na farko da ƙarfi ya riƙe na biyu da sassauci.

Akwai ma wani awo da ban ambata ba ɗazu. A 2003 tauraron WMAP ya ga wata alaƙa tsakanin zafin tsohon hasken da karkatarsa, wato alƙiblar da igiyarsa take kaɗawa, a faɗin da ya wuce digiri ɗaya zuwa biyu, wato faɗin da ya fi iyakar da haske zai iya ratsawa a wancan zamani. Wannan yana nuna cewa kaɗawar ta riga ta kasance a shimfiɗe kafin lokacin, kuma duk nazariyyar da za ta maye gurbin kumbura dole ta bayyana shi.

Abu_Maryam_Mile12:
To akwai wadda ta bayyana shi ban da kumbura?

Dalibi_Akoka:
Akwai yunƙuri. A 2001 Khoury da Ovrut da Steinhardt da Turok suka gabatar da samfurin da ke cewa sararin samaniya ya daɗe yana tsukewa a hankali kafin ya juya ya fara faɗaɗa, kuma a lokacin tsukewar ne aka sami daidaito da kaɗawar. Wahalarsa tana wurin juyawar, domin sai an shigo da fiziks ɗin da ba a tabbatar ba. Amma yana da hasashe mai kaifi: ba za a ga igiyoyin nauyi na farko a tsohon hasken ba. Idan aka ga salon B na asali, wato murɗaɗɗen salon da waɗannan igiyoyi suke bari a karkatar hasken, irin waɗannan samfura sun faɗi, kuma za a san makamashin da kumbura ta faru a kansa. Idan r ta kai kusan 0.01, makamashin ya ninka na injin karo da ƙwayoyi na CERN kusan sau tiriliyan ɗaya.

MalaminFiziks_Agege:
Kun ga ke nan kishiyar ta fi ta jarumta, domin ta sa wuyanta a kan awo guda. Kumbura kuwa idan ba a ga salon B ba za a ce ta faru ne a ƙaramin makamashi. Na karɓi hujjar Dakta a kan 0.965 da kuma alaƙar da WMAP ta gani, sun fi ƙarfin yadda zan yi watsi da su. Amma har yanzu ba a gaya mini awon da idan ya fito za a ajiye nazariyyar gaba ɗaya ba.

Hajiya_Surulere:
Malam, zan faɗi abin da ni zai sa in ajiye samfuran fili ɗaya masu saukowa a hankali, waɗanda su ne ƙashin bayan nazariyyar. Sun ce kaɗawar za ta bi bazuwa irin ta Gaus, wato bazuwar kaɗawar da ta faru da ka ba tare da fifita wani ɓangare ba, kusan cif, kuma lambar da ke auna kaucewa daga hakan za ta yi ƙasa da 1 sosai. Planck ta auna ta ta sami abin da bai bambanta da sifili ba, amma da kuskuren kusan 5, don haka da sauran fili. An harba na'urar SPHEREx a watan Maris na 2025 domin ta matse wannan kuskure ta hanyar taswirar ɗaruruwan miliyoyin tarin taurari. Idan ta sami lambar ta kai 1 ko ta wuce, wannan rukuni duka ya tafi. Haka kuma tauraron LiteBIRD da Japan take shiryawa yana neman auna r da kuskuren kusan 0.001, wanda ya isa ya gaskata ko ya ƙaryata samfurin Starobinsky.

Injiniya_Apapa:
Hajiya, wataƙila ma ba sai an jira LiteBIRD ba. Sakamakon na'urar ACT ta Atakama da ya fito a 2025, da aka haɗa shi da na Planck da na DESI mai auna rarrabuwar tarin taurari, ya ɗaga lambar farko zuwa kusan 0.974, kuma wannan ya ɗan yi wa samfurin Starobinsky nisa. Tazarar ba ta kai a yanke hukunci ba, kuma ta dogara da irin bayanan da aka haɗa. Dakta, idan lambar ta tsaya a nan bayan awon Simons, ƙara yawan ninkin kumburar zai iya cike tazarar, ko kuwa lissafin yadda makamashin ya koma zafi bayan kumbura ba zai bari a kai can ba?